Tarihin Yahudawa, wayar yaranmu da makomar haƙƙin ɗan Adam

"Assalamu alaikum. Ni shugabar wata makaranta ce mai zaman kanta, kuma uwar yara huɗu. Kwanan baya masu makarantar suka kawo mana wata manhaja da za a zuba bayanan ɗalibai a cikinta: suna, hoto, adireshin gida, addini, ƙabila, ciwon da yaro ke fama da shi, har da hoton yatsa domin sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Da na nuna wa wani ɗan'uwana da ya yi karatu a Turai, sai ya ce in karanta abin da ya sami Yahudawan Holan kafin in sa hannu, ya kuma ce ita kanta dokar haƙƙin yara ta duniya tana da asali a wani gidan marayu na Yahudawa. Ban gane haɗin ba. A gida kuma ina da ɗan shekara 14 da ba ya rabuwa da waya, har ina tunanin in riƙa karanta saƙonninsa a ɓoye. Mene ne gaskiyar wannan tarihi, me ya shafe mu da shi, kuma anya maganar haƙƙin ɗan Adam tana da sauran amfani bayan abin da muke gani yana samun yaran Gaza?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, abu huɗu kike tambaya a dunƙule: ko ɗan'uwanki ya faɗi gaskiya a kan tarihin, yadda za ki yi da fom ɗin makaranta, yadda za ki yi da wayar ɗanki, da kuma ko dokokin da ake kafa hujja da su ba su zama tatsuniya ba. Aikina lauya ne, kuma na daɗe ina ba makarantu da ƙungiyoyin agaji shawara a kan adana bayanan yara, saboda haka ta wannan fuskar zan amsa miki. Ɗan'uwanki ya yi gaskiya a wurare biyun, sai dai labaran biyu darasinsu ya bambanta. Na farko yana cewa yaro mutum ne tun yau, kuma yana da bakin magana a kan abin da ya shafe shi. Na biyu yana cewa bayanin da aka tara da kyakkyawar niyya yana iya faɗawa hannun wanda zai yi mugun aiki da shi. Wahalar zamanin waya ita ce, yawancin magungunan da ake kawowa domin kare yara suna taka ɗaya daga cikin waɗannan darussa, wani lokaci ma duka biyun.

Likitan Warsaw da marayunsa

Mutumin da ɗan'uwanki yake nufi shi ne Janusz Korczak, wanda sunansa na yanka Henryk Goldszmit, Bayahude ɗan ƙasar Poland, likitan yara kuma marubuci. A 1912 ya bar aikin asibiti ya karɓi shugabancin wani gidan marayu na Yahudawa a birnin Warsaw, tare da wata malama mai suna Stefania Wilczyńska, wadda ita ce ke riƙe da al'amuran gidan na yau da kullum. Abin da ya sa ake tunawa da gidan shi ne yadda aka tsara shi. Yaran suna da majalisarsu, suna da jaridarsu, suna kuma da kotunsu wadda alƙalanta yara ne da ake zaɓa ta hanyar ƙuri'a. Yaro yana iya kai ƙarar yaro, yana iya kai ƙarar malami, kuma shi kansa Korczak ya gurfana gaban kotun ba sau ɗaya ba. Yawancin sassan farko na kundin dokar kotun yafiya ne, domin manufar ita ce a fahimci abin da ya jawo laifin kafin a yi maganar horo. Kowane yaro yana da ɗan wurin ajiyarsa, inda yake ɓoye tarkacen da babba zai gani ya ce shara ce, kuma ba a taɓa masa ba tare da izininsa ba. Ki riƙe wannan ɗan wurin ajiyar a ranki, domin za mu dawo kansa idan muka zo maganar wayar ɗanki.

A 1926 ya kafa wata jarida mai suna Mały Przegląd, wadda ke fitowa duk Juma'a a cikin wata babbar jaridar Yahudawan Warsaw. Yara ne ke rubuta ta, su ne wakilanta a garuruwa, wasiƙunsu ne labaranta, kuma abin da ya dame su ake bugawa, ko da kuwa ƙorafi ne a kan malami ko a kan iyaye. Fitowarta ta ƙarshe ta kasance ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta mamaye Poland. Idan aka duba da kyau, wannan jarida ita ce kakar abin da yara ke nema yau a kafofin sada zumunta, wato wurin da za su yi magana da sa'o'insu, a kuma ji su. Bambancin shi ne a can akwai babba mai amana da ke karanta kowace wasiƙa, kuma ba wanda ke sayar da bayanan mai wasiƙar ga 'yan talla.

Bayan mamayar, an tura gidan marayun cikin unguwar da 'yan Nazi, masu mulkin Jamus a lokacin, suka killace Yahudawa. A farkon Agusta 1942 aka kwashe yaran, kimanin 200, tare da Korczak da Wilczyńska da sauran ma'aikatan, aka sa su a jirgin ƙasa zuwa sansanin Treblinka, inda aka kashe su. An sha yi masa tayin hanyar tsira shi kaɗai, bai karɓa ba. Waɗannan yara suna cikin kimanin yaran Yahudawa miliyan ɗaya da rabi da aka kashe a wannan kisan ƙare dangi.

Haɗinsa da doka ya zo ta haka. Tun 1924 akwai Sanarwar Geneva ta haƙƙin yara, wadda wata Baturiyar Ingila, Eglantyne Jebb, ta tsara, amma Korczak ya soke ta da cewa roƙo ne ga manya su tausaya wa yara, ba ta amince cewa yaro yana da haƙƙin da zai nema da kansa ba. A 1978, lokacin da ake bikin cika shekara 100 da haihuwarsa, gwamnatin Poland ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya daftarin yarjejeniya mai ƙarfin doka. An shafe shekara goma ana ja-in-ja a kanta ƙarƙashin jagorancin wani lauyan Poland, Adam Łopatka, kafin a amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989. Yau ƙasashe 196 ne suka tabbatar da ita, Najeriya tun 1991, kuma Amurka ce kaɗai mambar Majalisar da ba ta tabbatar ba. Kada a zuzuta abin fiye da kima: siyasar yaƙin cacar baka tana cikin dalilan Poland, kuma hannaye da yawa ne suka rubuta yarjejeniyar. Amma sashe na 12, wanda ya ce dole a saurari ra'ayin yaro a duk abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, shi ne abin da aka riga aka gwada a wancan gidan marayu.

Rajistar Holan

Labari na biyu shi ne ya fi kusa da fom ɗinki. Kafin yaƙin duniya na biyu, Holan tana da rajistar jama'a da ake alfahari da ita a Turai. Kowane mutum yana da kati a ofishin ƙaramar hukumarsa, ɗauke da sunansa, iyayensa, adireshinsa da addininsa. Ba a yi ta don cutar da kowa ba, an yi ta ne don tsara haraji, taimakon gajiyayyu da sauran ayyukan gwamnati. Jamus ta mamaye ƙasar a Mayu 1940, ta tarar da komai a shirye. A Janairu 1941 aka umarci duk mai jinin Yahudawa ya yi rajista, kuma kusan kowa ya yi, domin mutum ya san addininsa da na kakanninsa suna rubuce a ofis, ɓoyewa ba za ta yi amfani ba. Wani jami'in gwamnatin Holan mai suna Jacobus Lentz ya tsara katin shaida mai hoto da hoton yatsa wanda yin jabunsa ke da matuƙar wuya, aka riƙa buga harafin J a na Yahudawa. Ma'aikatan birnin Amsterdam kuma suka zana taswirar birnin da ɗige-ɗige, kowane ɗigo yana nufin Yahudawa goma, domin a san unguwar da suka fi yawa.

Daga cikin Yahudawa kimanin 140,000 da ke Holan, an kashe kimanin 102,000, wato kusan kashi uku cikin huɗu. A Faransa kusan kashi ɗaya cikin huɗu aka kashe, a Beljiyam kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari. Masana tarihi ba su ɗora wannan bambanci a kan rajista kaɗai ba. Suna ambaton irin mulkin da Jamus ta kafa a Holan, da biyayyar ma'aikatan gwamnati da 'yan sanda, da kasancewar ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai cunkoso, ba dazuzzuka ba duwatsun ɓuya, ba ta kuma da iyaka da wata ƙasa da ba ta cikin yaƙin. Duk da haka, mutanen lokacin sun san haɗarin takardun. A daren 27 ga Maris 1943 wasu 'yan gwagwarmaya, cikinsu har da mai sassaƙa Gerrit van der Veen da mai zane Willem Arondeus, suka sa kayan 'yan sanda suka shiga ofishin rajistar Amsterdam suka cinna masa wuta. Kaɗan ne daga cikin katunan suka ƙone, kuma an harbe goma sha biyu daga cikin masu hannu a harin cikin watan Yuli na shekarar. Katin takarda ke nan, wanda wuta ke iya ci. Bayanan da ke cikin manhaja ana kwafarsu cikin daƙiƙa, su zauna a ƙasashe uku a lokaci guda.

Daga wannan tabo, da kuma na 'yan sandan ciki na Jamus ta Gabas, dokokin kare bayanai na Turai suka samo kaifinsu. Jihar Hesse ta Jamus ce ta fara yin irin wannan doka a 1970. A Disamba 1983 kotun tsarin mulkin Jamus ta Yamma ta soke wasu sassan dokar ƙidayar jama'a, ta ce kowane mutum yana da ikon yanke hukunci a kan wanda zai san bayanansa da abin da za a yi da su. Babbar dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayu 2018 ta ware addini, ƙabila, lafiya da bayanan jiki irin hoton yatsa a matsayin bayanai masu haɗari, waɗanda asali haramun ne a sarrafa su sai da dalilin da doka ta lissafa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bi wannan sawu.

Kada ki ɗauka wannan tsoron Turawa ne kawai. A Ruwanda a 1994, katin shaida mai ɗauke da ƙabila ne masu tare hanya ke dubawa. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara a Bangladesh sun isa hannun gwamnatin Myanmar da suka gudo daga gare ta, kuma da yawansu sun ce ba su san za a yi haka ba, ko da yake hukumar ta musanta cewa ba ta nemi yardarsu ba. Mu ma nan, duk wanda ya rayu a Jos ko Kaduna a shekarun rikici ya san abin da tambayar "wane addini kake?" take nufi a bakin shingen hanya.

Fom ɗin makarantarki

Shawarata a nan a fili take. Ki ɗauki guraben fom ɗin ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi masu makarantar da kamfanin manhajar: wane aiki ne ba zai yiwu ba idan aka bar wannan gurbi babu komai? Suna da aji da lambar wayar iyaye, amsarsu a bayyane take. Ƙabila kuwa, a duk makarantun da na yi aiki da su ban taɓa samun wadda ta iya gaya mini aikin da take yi da ita ba, an dai kwafo gurbin ne daga wani tsohon fom. Addini yana iya zama da amfani wajen raba ɗalibai darasin addini, amma abin da ake buƙata shi ne sanin darasin da yaro ke shiga a wannan zangon, kuma wannan malamin aji yana iya riƙe shi a littafinsa. Bayanin lafiya, kamar sikila ko asma ko farfaɗiya, yana ceton rai, sai dai wanda ya kamata ya gan shi shi ne mai kula da lafiyar ɗalibai da malamin aji, ba mai karɓar kuɗin makaranta ba. Hoton yatsa don kiran suna kuwa, ni ban goyi bayansa ba ko kaɗan. Kalmar sirri idan ta fita ana canja ta, amma yatsan yaro shi ne yatsansa har ya tsufa, kuma rajistar kiran suna ta takarda ba ta taɓa gazawa ba.

Na taɓa duba yarjejeniyar wata makaranta da wani kamfanin manhaja, na tarar babu ko layi ɗaya da ya faɗi inda ake ajiye bayanan, ko abin da zai same su idan kamfanin ya rushe ko aka sayar da shi. Da muka bincika, sai ga shi duk malaman suna shiga da kalmar sirri guda, har da waɗanda suka bar aiki shekara biyu da suka wuce. Ba mugun nufi a ciki, sakaci ne kawai, kuma yawancin ɓarnar da nake gani daga sakaci take fitowa. Saboda haka ki nemi a rubuta abubuwa huɗu a yarjejeniya: cewa bayanan na makaranta ne da iyaye, cewa ba za a sayar ko a ba wani ba, cewa za a goge na yaro bayan ya bar makaranta in ban da sakamakon jarrabawa da abin da doka ta ce a ajiye, da cewa za a sanar da ku nan take idan aka yi kutse. Dokar 2023 ta ce idan da yarda za a dogara wajen sarrafa bayanan yaro, yardar iyaye za a nema, kuma yardar da aka karɓa da barazanar "in ba ki sa hannu ba a kori ɗanki" ba yarda ba ce. Akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa da ake kai wa ƙorafi.

Sannan ki yi abin da Korczak zai yi, ki tara manyan ɗalibai ki nuna musu fom ɗin. A wata makaranta da na ba da wannan shawara, wata ɗaliba ce ta lura cewa manhajar tana nuna wa dukan iyayen aji sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba. Mu manya uku mun karanta takardun ba mu gani ba. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a kan allon waya sau da yawa yaron ne ke bisa rimin.

Wayar ɗanki

A nan doka ba ta ɗaure miki hannu ba. Sashe na 16 na yarjejeniyar 1989 ya kare sirrin yaro da wasiƙunsa daga kutsen da ba shi da dalili, kuma Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara ta 1990 ta faɗi haka a sashe na 10, tare da ƙarin cewa iyaye suna da ikon sa ido gwargwadon hankali. Haɗarin ma na gaske ne. Akwai masu yaudarar samari su turo hoton tsiraici sannan su riƙa karɓar kuɗi da barazanar tona musu asiri, kuma a Yuli 2024 kamfanin Meta, mai Instagram, ya ce ya rufe kimanin shafukan Instagram 63,000 a Najeriya da ke wannan sana'a. Akwai caca, akwai zagi da cin mutunci a zaurukan WhatsApp na 'yan aji.

Abin da nake jan hankalinki a kansa shi ne kalmar "a ɓoye". Ƙin leƙen asiri tsohuwar koyarwa ce a addinin Yahudawa da kuma Musulunci. A fiƙihun Yahudawa an hana mutum buɗe taga da ke kallon tsakar gidan maƙwabci, domin suna ɗaukar kallon kansa a matsayin ɓarna, kuma ana jingina wa wani malaminsu na birnin Mainz, Rabbi Gershom, wanda ya rayu wajen shekara 1000 da suka wuce, hukuncin haramta karanta wasiƙar wani ba da izininsa ba. Mu kuma muna da hanin bin diddigin asirin juna a Suratul Hujurat, da umarnin neman izini kafin shiga gida a Suratun Nur. Uwa ba maƙwabciya ba ce, tana da haƙƙin da maƙwabci ba shi da shi, amma amfanin abin nake dubawa. A shari'o'in da suka biyo ta hannuna, yaran da suka faɗa hannun masu barazana sun fi daɗewa cikin azaba idan sun fi tsoron iyayensu a kan mai barazanar. Ɗan shekara 14 da ya gano ana karanta masa saƙo a ɓoye zai buɗe wani shafin da ba ki sani ba, ko ya koma wayar aboki, kuma ranar da ya shiga uku ba ke zai fara gaya wa ba.

Abin da na ga yana aiki shi ne sa ido a fili. Ki zaunar da shi, ku yi ƙa'ida tare: waya tana kwana a ɗakinki, kin san manhajojin da ke cikinta, kina iya cewa ya buɗe miki a gabansa idan kika ga alamar da ta tayar miki da hankali, kuma kin yi masa alkawari cewa idan ya kawo miki matsala da kansa, taimako zai fara samu kafin faɗa. Hirarsa ta yau da kullum da abokansa kuwa, ita ce ɗan wurin ajiyar nan na gidan marayu. Korczak ya yi gargaɗi cewa tsoron kada wani abu ya sami yaro yana sa manya su hana shi rayuwar gaba ɗaya. Idan kuma kika ga alamu masu nauyi, kamar kuɗin da ba ki san tushensu ba, ko firgita duk lokacin da saƙo ya shigo, ko daina cin abinci da barci, to kare shi ya rinjayi sirrinsa, ki duba, ki kuma gaya masa kin duba. Iyakar fagena ke nan. Abin da ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwarsa aikin likita ne, kuma masu bincike kansu suna saɓani a kan girman illar da kafofin sada zumunta ke yi wa matasa.

Gaza, da abin da ke gaba

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Tarihin Yahudawa ya girmi ƙasar Isra'ila da dubban shekaru, kuma marayun Warsaw ba su da alhakin abin da wata gwamnati ta aikata bayan an kashe su. Kalmar da duniya ke amfani da ita a shari'a wajen kisan ƙare dangi, wani lauya Bayahude ɗan Poland ne ya ƙirƙiro ta a 1944, Raphael Lemkin, wanda ya rasa danginsa 49. Shi ya yi ta bin wakilan ƙasashe har aka amince da yarjejeniyar hana wannan laifi ranar 9 ga Disamba 1948. Washegari aka amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam, wadda René Cassin, Bayahuden Faransa, yake cikin masu tsara ta tare da Eleanor Roosevelt ta Amurka, Charles Malik na Lebanon, Peng Chun Chang na Sin da Hansa Mehta ta Indiya. Da yarjejeniyar Lemkin ce Gambiya ta kai Myanmar kotun duniya a 2019 saboda Musulmin Rohingya, kuma da ita ce Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a Disamba 2023 saboda Gaza. Gaskiya ne cewa umarnin kotun bai tsayar da mutuwar yara ba, kuma manyan ƙasashe suna auna haƙƙi da mudu biyu. Wannan rauni ne na aiwatarwa, kuma babba ne. Amma idan muka yar da ma'aunin saboda fushi, masu ƙarfi ba abin da suka rasa, raunana ne za su rasa harshen da suke kai ƙara da shi.

Game da yara da intanet kuwa, canji mafi girma shi ne cewa dokokin 1948 da 1989 an rubuta su ne domin ɗaure gwamnatoci, alhali yau rajistar da ta fi kowace girma tana hannun kamfanoni. Rahoton UNICEF na 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaya cikin uku na masu amfani da intanet a duniya yaro ne. Abin da Lentz ya sha wahala kafin ya tattara, waya tana gano shi daga sunayen abokai, wurin da mutum ke zuwa ranar Juma'a ko Lahadi, da bidiyon da ya tsaya kallo. Shekara 13 da manhajoji ke cewa ita ce mafi ƙarancin shekarun shiga, ba likitoci ne suka tsayar da ita ba, ta fito ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta wajabta neman yardar iyaye kafin tattara bayanan 'yan ƙasa da wannan shekara. A 2021 kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da sharhinsa na 25, bayan jin ra'ayin ɗaruruwan yara daga ƙasashe da dama, ya ce duk haƙƙin da yaro ke da shi a fili yana da shi a intanet.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce hani. Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta, ta fara aiki ranar 10 ga Disamba 2025, wadda ta zo daidai da ranar haƙƙin ɗan Adam ta duniya. Na fahimci iyayen da suka yi murna. Damuwata ita ce, kafin a hana yaro shiga sai an tantance shekarun masu shiga, da hoton fuska ko katin shaida ko nazarin abin da mutum ke yi, wato ana gina sabuwar rajista domin maganin tsohuwa. Ki ƙiyasta ranar da aka ce sai da lambar shaidar ɗan ƙasa mutum zai buɗe shafi a nan, sannan wata gwamnati ta zo tana neman sunayen masu sukarta. Kuma yaron da aka kora daga fili yakan koma lungun da ba mai ganinsa.

Hanya ta biyu ita ce a ɗora nauyin a kan mai ƙera manhajar. Birtaniya ta kafa ƙa'idojin da suka fara aiki sosai a Satumba 2021, waɗanda suka ce shafin yaro ya zo a rufe tun daga farko, a kashe bin sawun inda yake, kada a tattara abin da ba a buƙata. Tarayyar Turai ta hana nuna wa yara tallan da aka gina a kan nazarin halayensu, ta kuma hana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta yanayin zuciyar ɗalibai a makarantu. Hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci tarar Instagram yuro miliyan 405 a 2022, da TikTok yuro miliyan 345 a 2023, duka a kan bayanan yara. Wannan hanya na fi karkata gare ta, domin tana rage abin da ake tarawa, kuma ba ta kori yaro daga dandali ba. Rauninta shi ne kariyar tana bin fasfo: kamfani ɗaya yana iya ba yaron Landan tsari mai tsauri, ya bar yaron Kano ko Maraɗi a buɗe, kuma masu tace abin da ake wallafawa da Hausa ba su kai yawan masu tace na Turanci ba ko kusa. Gyaran wannan yana hannun hukumominmu, kuma hukuma ba ta motsi sai ƙorafi ya taru a gabanta.

Saboda haka kafin ki sa hannu, ki rubuta wa masu makarantar takarda mai kwanan wata, ki lissafa guraben da kike neman a cire, wato ƙabila da hoton yatsa, da waɗanda kike neman a taƙaita masu ganinsu, wato addini da lafiya, ki aika kwafi ga shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ki kuma ajiye naki. Idan kamfanin ya ce manhajar ba ta aiki sai an cike kowane gurbi, ki ce su rubuta miki hakan da sa hannunsu. Sau biyu na ga an nemi wannan takarda, kuma sau biyun kafin mako ya zagayo an gano cewa ana iya kashe guraben.